Autar Tela da Mai Zuma

Tun daga ƙarar takalmi Auta ta san ko wace ce. Babu mai taka ƙasa kamar ta yi masa laifi sai Yayarta.

Ta ajiye ɗan turmin da take niƙa jajayen furanni a ciki, ta goge hannu a jikin tsohuwar rigar da take ɗorawa in za ta yi aiki. Kafin ta kai ƙofa an turo ta. Yaya ce da fararen kayanta na asibiti, da gani daga wurin aiki ta wuto. Tana jan wani babban akwati, wanda daga yadda yake tsalle a kan tsakuwa ka san babu komai a cikinsa.

"Yaya, sannu da zuwa. Lafiya dai?"

"Lafiya ƙalau. Haɗa kayanki. Baba ya ce ki dawo gida yau."

Auta ta tsaya tana kallonta. Ta bayan taga ana jin ruwa yana zuba a ɗan tafkin lambun, kamar babu abin da ya faru.

Lambun babba ne, a bayan gari yake, an yi shi don adana itatuwa da furanni. Duk shekara masu kula da shi sukan gayyaci masu zane da masu sassaƙa da marubuta da masu bincike, su zo su zauna wata uku. A ba su ɗaki da abinci da wurin aiki, su kuma su yi duk abin da lambun ya sa a ransu. Auta malamar zane ce a wata firamare. Da aka zaɓe ta, sai da Inna ta yi mako guda tana lallashin Baba kafin ya bari, shi ma don an tabbatar masa ɓangaren mata daban yake, kuma akwai dattijuwa mai kula da wurin, wadda kowa yake kira Uwar Lambu.

An ba Auta wani tsohon ɗakin ajiye tukwanen shuka. A nan take haɗa launi da ganye da fure da ɓawon itace, ta zana abin da take gani. A nan kuma wani mai binciken ƙudan zuma ya leƙo wata safiya, ya roƙe ta da girman Allah ta daina tsinke furannin bakin tafki, wai abincin jama'arsa ne. Ta ce masa jama'arsa su yi haƙuri, ita ma baƙuwa ce, kuma an gayyace ta kamar yadda aka gayyace su. Tun daga ranar ba su daina musu ba, har musun ya zama abin da ya zama.

"Saura mako biyu a baje kolin ayyukanmu, Yaya," in ji Auta. "Baba ya sani."

"Ya sani. Ya kuma san sauran labarin."

"Wane labari?"

Yaya ta zauna a kan wata kifaffiyar tukunya, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa.

"An ce za ki bi mutumin nan wata ƙasa. Shekara guda cur. Mu kuma sai a bakin mutane muka ji."

Auta ma ta samu wuri ta zauna.

"Ba haka ba ne. Ni aka gayyata, ba shi ba. Wasu masu lambu ne daga can suka zo ziyara, suka ga aikina, suka ce in zo in zauna da su shekara guda. Shi yana nan, an ma ba shi aikin kula da akwatunan zuman nan. Ban amsa musu ba, shi ya sa ban faɗa ba. Ina neman bakin da zan faɗa wa Baba ne."

"To ga shi wani ya riga ki nemo bakin."

"Yaya, ke ma kina ganin laifina?"

Yaya ta ɗago ta dube ta. Ta miƙa hannu ta goge mata wani jan tabo a haɓa, kamar yadda take yi tun Auta tana rarrafe.

"Ni laifinki ɗaya nake gani. Duk mazan duniya ki rasa wanda za ki kawo mana sai wanda ya zo gaisuwa da ido ɗaya."

Duk da ƙwallar da ta cika mata ido, sai da Auta ta yi dariya. Ranar da mai binciken nan, Mai Zuma, ya je gaida su Baba karon farko, da safe zuma ta harbe shi a fatar ido. Ta roƙe shi ya ɗaga zuwan, ya ce ya riga ya yi wa babba alkawari. Haka ya isa gidan, ido ɗaya a rufe ruf, kunci kamar an hura. Inna ta leƙo ta koma da sauri tana tambaya ko faɗa ya yi a tasha. Da Baba ya tambaye shi sana'a, ya gyara zama ya ce, "Ina bin ƙudan zuma ne, Baba, in ga wane fure suka fi so." Baba ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Bayan tafiyarsa Baba ya yanke magana. Shi tela ne, ya yi rayuwarsa a gaban keke ɗaya a shago ɗaya, ba zai ba da autarsa ga mai bin ƙwari daga lambu zuwa lambu ba. Ga ɗan amininsa nan, mai kemis, yaron da aka san gidansa da shagonsa, ya daɗe yana jira.

"Yana waje ma," in ji Yaya, kamar ta ji abin da ke ranta. "Shi ya kawo ni a motarsa. Ya ce ba zai shigo ba sai kin yarda."

*

Ta same shi tsaye a ƙarƙashin wata doguwar bishiya, yana karanta ɗan allon da aka rubuta sunanta a kai. Tare suka tashi a layi ɗaya. Shi ya koya mata hawa keke, shi ya ɗauke ta ranar da ta faɗi ta fasa gwiwa. Babban Yaya take ce masa, kuma har yau bakinta ya ƙi sauyawa.

"Babban Yaya, ina kwana?"

"Lafiya lau, Auta. Wuri mai kyau. Yanzu na gane abin da ya hana ki kewar mu."

"Ina kewar ku."

"Su dai." Ya yi ɗan murmushi. "Ban zo in tsaya miki a wuya ba. Abu ɗaya nake so ki sani. A gidan da nake gyarawa na ware ɗaki guda mai manyan tagogi biyu. Na tambayi masu zane, sun ce hasken safe ya fi, sai na sa aka fasa bango ta gabas. Ba zan taɓa ce miki ki ajiye buroshi ba."

Da zagi ya yi mata da ya fi sauƙi. Ta sunkuyar da kai tana murza yatsunta masu launi.

"Babban Yaya, ban san mutumin da ya fi ka kirki ba. Wallahi na yi ƙoƙari. Na zauna na lissafa wa zuciyata halayenka ɗaya bayan ɗaya, ta yarda da kowanne, amma ta ƙi motsawa. Idan na ce maka e, kai zan cuta."

Ya daɗe yana kallon ganyen da ke ƙasa.

"Na sani," in ji shi. "Tun ranar da na ji kina yi wa Inna bayanin yadda zuma ke rawa in ta samo fure. Ke da ko kyankyaso kika gani sai kin hau kujera." Ya ja numfashi. "Amma ban janye ba, ƙanwata. Ba ni na fara maganar nan ba, iyaye ne, kuma ba ni da ƙarfin da zan je in ce a fasa abin da nake so. Ki yafe mini wannan."

"Ba ka yi mini komai ba."

"Je ki yi sallama da mutanenki. Muna mota."

*

Akwatunan zuman suna can ƙarshen lambun, bayan shingen lemun tsami. Ta hango shi da farar rigarsa mai raga a fuska, yana hura hayaƙi a hankali, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. Da ya gan ta ya ɗaga hannu alamar ta tsaya nesa. Ya rufe akwatin, ya tako zuwa bakin shinge, ya ɗage ragar.

Murmushinsa bai kai ko'ina ba ya ɓace.

"Malama, wa ya taɓa ki?"

Nan kukan da take riƙewa ya ƙwace. Ta faɗa masa komai, kalma na hawa kan kalma. Bai katse ta ba. Ya cire safar hannu, ya ciro hankici, ya duba shi ciki da baya ko akwai wata baƙuwa a maƙale, sannan ya miƙa mata ta saman shingen.

"Na yanke shawara," in ji ta tana share ido. "Zan ce wa Uwar Lambu ta gaya wa mutanen can ba zan zo ba. Idan Baba ya ga na zauna, ya ga kai ma ka samu aiki wuri ɗaya, wataƙila ya sauko."

"A'a."

"Kamar yaya a'a?"

"Kada ki fasa saboda ni. In don Baba ne, wannan tsakaninki da shi ne, ba ni da baki a ciki. Amma kada ki sa ni a sikeli."

"Kenan ba ka damu in tafi ba?"

Ya juya fuska gefe.

"Tun ranar da mutanen nan suka tsaya gaban zanenki ban ci abinci na ji daɗinsa ba. Jiya na zuba gishiri a shayi, na shanye ban sani ba, sai da wani tsohon marubuci ya tambaye ni ko sabon bincike ne. Na damu, Malama. Amma na ga fuskarki lokacin da suke magana. Idan kika rufe wannan ƙofa don ki same ni, wata rana za ki dube ni a tsakar gida, ina gyara tukunyar hayaƙi, ki ce wannan ne na saya da shekarata? Ba zan iya ɗaukar wannan kallon ba."

"Ba zan taɓa faɗa ba."

"Na sani. Shiru za ki yi, shi ya fi ciwo."

"To idan na tafi Baba ya ba da ni ga wani fa? Idan na zauna kai ka ce a'a. Ina kake so in sa kaina?"

"Yau dai ki sa shi a gida. Baba ya kira, ki je. Kada ki yi masa musu, wannan ni kaɗai kike yi wa."

Ta yi dariya cikin kuka, ta jefa masa hankicinsa. Ya cafe.

"Zanukan da ba su bushe ba fa?" in ji ta. "In aka bar su a ɗakin nan, danshi zai cinye su."

"Bar mini su."

*

A gida babu wanda ya ɗaga mata murya, kuma hakan ya fi ba ta tsoro. Baba yana ɗakinsa na zaure, inda ya dawo da kekensa tun da ya bar shago. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa, ya ce ta shiga ta huta. Ko ɗagowa bai yi ba.

Ta samu Inna a kicin tana wanke kofuna. Ta karɓi soson, Inna ta bar mata, ta jingina da bango tana kallonta.

"Kin rame. Furen kuke ci a can?"

"Inna, me na yi wa Baba haka? In tafiyar ce, na fasa. In Mai Zuma ne, wallahi ba yadda kuka gan shi ba ne, kumburin fuskarsa ya saɓe tuni."

"Ni ai yaron bai yi mini komai ba. Wanda zai fito da ido kamar ƙwallo don kada ya saɓa wa tsoho alkawari, ba na raina shi."

"To mene ne?"

Inna ta leƙa tsakar gida, ta jawo ƙofar kicin.

"Ya hana mu gaya miki, ya ce kada a ɓata miki aiki. Ni kuma na gaji da ganin ku biyu kuna ciwo kowa a ɗakinsa. Idon babanki ne. Hawan jinin ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama ne ake lallaɓawa. Likita ya ce magani zai rage gudu, amma ba zai tsayar ba. Wataƙila baɗi war haka ba zai gane fuska ba."

Kofin ya suɓuce daga hannun Auta ya faɗa cikin ruwa.

"Tun yaushe?"

"Bayan kin tafi lambu da 'yan kwanaki aka tabbatar. Yayarki ke kai shi asibiti. Yaron nan mai kemis kuwa, kullum da yamma sai ya rufe shago ya zo ya ɗiga masa magani da hannunsa, don babanki ba ya yarda ni in ɗiga, wai ina zuba masa a kunne." Inna ta share ido da gefen mayafi. "Ba ƙin yaronki yake ba, Auta. Lokaci yake gani yana ƙure masa. So yake ya ga aurenki da idonsa, ya ga inda za ki zauna, ya san hanyar gidan tun yana iya gani. Sai kuma aka zo aka ce masa za ki tafi shekara guda. Ya lissafa, ya ga ranar da za ki dawo muryarki kawai zai ji."

Auta ba ta san lokacin da ta fita daga kicin ɗin ba. Ta tarar da Baba ya karkata wajen taga, zare a hannu ɗaya, yana ta neman kafar allura. Ya gwada, zaren ya wuce ta gefe. Ya lashi bakinsa ya sake gwadawa. Mutumin da a da yake zura zare yana hira da mutane ba tare da ya duba ba.

Ta durƙusa kusa da keken, ta karɓi zaren, ta zura. Hawayenta suna ɗiga a kan ƙyallen.

"Uwarki ta yi surutu," in ji Baba.

"Baba, me ya sa? Ni ba 'yarka ba ce? Ina can ina niƙa fure, kai kana nan..."

"Da na faɗa miki da kin dawo washegari."

"Da na dawo mana."

"Shi ya sa ban faɗa ba." Ya lalubo kanta ya dafa. "Daina jiƙa wa mutane kaya. Rigar jikan maƙwabci ce, gobe za a karɓa."

"Ba inda zan je, Baba. Na fasa. Ko lambun ma ba zan koma ba."

Ita ta ɗauka zai ji daɗi, amma sai ta ga fuskarsa ta ƙara nauyi.

*

Rana ta yi sanyi aka yi sallama a ƙofar gida. Auta ta gane muryar. Yaya ta leƙa ta dawo tana danne dariya.

"Baba, mai bin ƙwari ne. Ya zo da kaya niƙi-niƙi a bayan babur."

"Ce ya shigo."

Ya shigo da zanukan a rungume, kowanne an raba shi da ɗan'uwansa da siraran katako don kada su manne. Ya jingina su da bango, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, a gafarce ni, na zo ba a kira ni ba. Aikinta ne bai bushe ba, na ji tsoron ya lalace. Yanzu zan koma."

"Zauna. Auta, miƙo mini ɗaya."

Ta miƙa masa wanda ya fi girma, zanen furannin bakin tafki da safe. Baba ya juya wajen taga, ya kawo shi dab da fuskarsa har hancinsa na neman taɓawa. Ya bi shi a hankali daga gefe zuwa gefe, kamar yadda yake bin ɗinki yana neman inda zare ya tsallake.

"Wannan jan, da me kika yi shi?"

"Da fure, Baba, da ɗan ruwan lemun tsami."

"Na yi shekaru ina sayen zare, ban taɓa samun ja irin wannan ba." Ya sauke zanen a kan gwiwarsa. "Ashe abin da kike yi kenan. Ni na ɗauka irin na 'yan makarantarki ne, gida da bishiya da rana tana dariya."

Ya juya wajen Mai Zuma.

"Kai, matso nan wajen haske. Wancan zuwan rabinka na gani."

Ya matsa. Baba ya daɗe yana dubansa.

"To, ba laifi. Ashe mutum ne. An ce mini kai za ka tafi da ita."

"A'a, Baba. Ita aka gayyata. Ni ina nan, an ba ni aiki a lambun, da ɗan gida a gefensa."

"Ta ce ta fasa. Kai ka sa ta?"

"Ni cewa na yi kada ta fasa saboda ni."

"Ba ka son ta kenan."

Mai Zuma ya sunkuyar da kai. Daga bakin ƙofa Inna ta ce, "Malam, kai ma dai. Yaro zai faɗi wannan a gabanka?"

"Ina son ta, Baba," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Shi ya sa."

"Ka san idona yana tafiya?"

Ya ɗago da sauri, ya dubi Auta, ya ga fuskarta. Ya mayar da kai ƙasa.

"Ban sani ba. Allah ya ba da lafiya. Da na sani da ban buɗe baki a maganar tafiya ba. Ku yafe mini."

"Da ka sani da ka ce ta zauna?"



"Da na yi shiru, Baba. Amma a raina da ina roƙon Allah ya buɗa wata hanya. Domin na ga yadda take in tana aikin nan."

Baba ya shafa gefen zanen da babban yatsa.

"Ɗazu ta durƙusa nan ta ce ta fasa komai. Abin da nake so in ji kenan tun da safe. Da na ji shi kuma, sai ya tsaya mini a wuya. Na ce yanzu in ido ya tafi, ita ma in rufe mata nata?" Ya girgiza kai. "Auta."

"Na'am, Baba."

"Gobe ki koma ki gama aikinki. Ranar baje kolin ku zo ku ɗauke ni, in ga lambun nan tun ina iya raba kore da ja. Mutanen can kuma, a tambaye su ko dole sai shekara guda a jere. In za su bari ki zo a tsakiya ki nuna mini fuskarki, ki tafi. In ba za su bari ba, mu sake zama."

"Baba..."

"Ban gama ba. Ba kuma za ki tafi haka sakaka ba. In za a yi, a yi kafin tafiyar, ina kallo. Kai kuma," ya nuna Mai Zuma, ɗan yatsan ya ɗan kauce gefe, "gidan nan naka na gefen lambu, sai na je na gan shi. In rufin yana yoyo, ka manta da maganar."

Auta ta kifa kanta a gwiwar Baba tana kuka. Yaya ta juya baya tana gyara labulen da babu abin da ya same shi. Mai Zuma kuwa sai godiya yake maimaitawa kamar wanda ya manta sauran kalmomi.

"Kada ku yi saurin murna," in ji Baba, muryarsa ta sauka. "Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Na riga na ba aminina magana. Tun muna samari muke tare, ban taɓa ce masa abu na sauya ba. Ɗansa kuma ya yi mini abin da ɗan cikina zai yi. Da wane ido zan dube su? Ga shi ma ɗaya ya rage."

Babu wanda ya yi dariya. Sai aka ji tsayuwar mota a waje. Lokacin ɗiga magani ya yi. Sai dai yau ƙofar mota biyu aka ji an rufe, kuma muryar da ta yi sallama ta dattijo ce, cike da fara'a.

"Tela, kana ciki? An ce 'yarmu ta dawo, na ce bari in biyo yaron nan mu sa rana kawai a huta."

Inna ta dafe ƙirji. Auta ta ji hannun Baba ya yi nauyi a kanta.

"Malam, ko in ce kana hutawa?" in ji Inna a hankali.

"A'a. Mutumin da ya zo da farin ciki ba a sallamarsa da ƙarya. Da bakina na ba shi, da bakina zan roƙe shi."

Ya miƙa wa Auta zanen, ya dafa keken ya miƙe. Ta yi wuf za ta riƙe shi, ya janye hannunsa.

"Ke shiga ciki wajen uwarki." Ya miƙa hannun ta ɗaya gefen, yana lalube a iska. "Kai, mai zuma, zo ka kama ni. In zan sha kunya yau, gara wanda ya jawo mini yana tsaye kusa."

Mai Zuma ya tashi ya riƙe shi a gwiwar hannu. Daga bayan labule Auta tana kallonsu, tsoho da saurayi, suna takawa a hankali zuwa ƙofa. Ta ga Baba ya ɗora hannunsa a kan na saurayin ya danne, sannan ya ɗaga murya ya amsa sallamar.